Mai Amsa na Bakwai

Ranar da mujalla ta karɓi maƙalar Bahijja, kowa a makarantar koyon kasuwanci ya taya ta murna, har Dakta Ishatu mai duba aikinta, wadda yabo ke yi wa wuya kamar cire haƙori. Shekara uku Bahijja ta yi tana binciken digirinta na biyu a kan yadda masu ƙananan sana'o'i na Tudun Wada ke riƙe abokan cinikinsu. Mutum ashirin ta yi hira da su, ta naɗi muryoyinsu a waya.

"Saura abu ɗaya," in ji Dakta. "Kin sa hannu cewa da zarar aiki ya fita za ki goge muryoyin nan. A cika ƙa'ida."

Goma sha tara ta goge tun a cikin keke napep, kafin ma su bar unguwar Kongo inda makarantar take. Ɗayar ce ta gagara. A takarda sunansa Mai Amsa na Bakwai, don an hana ambaton suna. A gida kuwa Malam Kailani mai wankin hula ne, mahaifinta, wanda ya rasu da azumin bara. Mutumin da ko hoto sai an kai ruwa rana yake tsayawa, wa ya taɓa tunanin ajiye muryarsa? Minti arba'in na hirar nan su kaɗai suka rage, kuma kewarsa na cin ta ba dare ba rana.

Bayan la'asar ta samu mahaifiyarta a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta zauna ta kunna hirar. Aka fara jin ƙarar burushi a kan hula, sai muryar Bahijja: "Baba, in na gama zan goge. Ka yarda?"

"Na yarda. Ke dai rubuta daidai, kar ki ƙara mini gishiri."

Inna ta ajiye faifan.

"Sirrin ciniki?" in ji muryar. "Ni kan mutum nake riƙewa, ba sunansa ba. Alhaji Nagoda ya aiko hula ba saƙo, ina taɓawa na san tasa ce."

Suka saurara har ƙarshe. Sannan Bahijja ta faɗa mata abin da aka ce ta yi.

"Inna, in na bar ta ba wanda zai sani."

"Ai ba malamanki kika yi wa alƙawari ba, shi kika yi wa. Ubanki in ya ce a zo karɓar hula da azahar, ko zazzaɓi yake yi sai an same ta a goge."

Bahijja ta yi kuka mai isarta, ta share ido da gefen mayafi, ta kai yatsa kan wayar.

Inna ta riƙe mata hannu.

"Dakata tukuna. Koma mini wurin nan da ya yi gyaran murya."