Farin Fenti a Murfin Laftof

Mahaifina, Baba Imoru, maƙerin adaka ne a unguwar Sabonjida, cikin Tamale. Adakar ƙarfen nan ta 'yan makarantar kwana nake nufi, baƙa wuluk, da jajayen jinjirin wata a jiki, da sunan mai ita da farin fenti a murfi. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, kuma bai taɓa sayar da adaka ba sai ya hau kanta a gaban mai saye, ya yi tsalle sau biyu, ya sauko yana haki ya ce, "Ka gani?" To wannan bawan Allah shi aka haɗa ni da shi ranar da zan zaɓi laftof.

Kwalejin horar da malamai ce ta ɗauke ni, kuma a takardar da suka aiko suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kowa ya zo da kwamfutarsa. A gidanmu irin wannan abu sau ɗaya ake saya. In ta yi kyau, na huta. In ta zama mushe, ni da mushen za mu gama karatu tare, ba wanda zai saya mini ta biyu. Don haka na yi mako biyu ina tambayar mutane, na cika shafi guda da abin da ake dubawa, a sama kuma na rubuta batir na ja masa layi uku, don na san halin wutar garinmu.

Baba bai ko kalli shafin ba.

"Uwata," ya ce, "abu mai ƙarko ba a takarda ake gane shi ba. Hau babur."

Haka yake kira na tun ina zanin goyo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Zuleiha, bakinsa kuwa ba ya iya furta sunan nan, kunya yake ji. Ko faɗa zai yi mini sai ya ce Uwata, faɗan ya fito a gurguje.

Muka tafi unguwar Tishigu, shagon Komla mai sayar da kwamfuta. Komla mutumin kudu ne, tun yana yaro aka yi wa babansa canjin aiki zuwa Tamale, ya girma a nan yana Hausar kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Abin da ya ƙara ɓata mini lissafi shi ne, Baba ne ya ƙera masa adakar da ya tafi sakandare da ita.

"Masta Imoru!" Komla ya miƙe tsaye. "Adaka na yana nan har yau, mata na yana zuba masara a ciki."

Shi ke nan, an gama da ni. Baba ya gyara tsayuwa kamar wanda aka naɗa wa rawani.

Na nuna wadda na daɗe da ƙyallawa ido, 'yar siririya mai ruwan toka, Komla ya ce batirinta na kai awa bakwai. Baba ya karɓa, ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya yi sama da ita ya yi ƙasa, ya taɓe baki.

"Wannan ai faranti ne. Ina cikinta?"

"Masta, yanzu haka ake yi shi, ba nauyi."

"Haka ake cutar mutane dai." Ya ƙwanƙwasa murfin da bayan yatsa, ya kara kunne. "Ji fa. Roba."

Sai na ga ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa. Wallahi ya fara tuɓe takalmi! Komla ya yi wani ihu da yaren garinsu, ya tsallako kantar shagon ya rungume kwamfutar a ƙirji. Ni kuwa na juya ina karanta kalandar bango, kamar ban taɓa ganin tsohon nan ba a rayuwata.

"To ka gani," in ji Baba, yana mayar da takalmi. "Kai da kanka ba ka yarda da kayanka ba."

Ya bi shagon yana ɗagawa yana ajiyewa, kamar mai zaɓen doya. Can ƙarƙashin kantar ya hango wata baƙa, mai kauri kamar bulo, gefenta duk ƙarfe. Da hannu biyu ya ciro ta. Fuskarsa ta washe. Ya ƙwanƙwasa, ta amsa masa da wani sauti mai nauyi, ya gyaɗa kai kamar sun yi gaisuwa.

"Yauwa. Wannan mutanen kirki ne suka yi ta."

Komla dai, Allah ya saka masa, ya faɗi gaskiya. Ya ce tsohuwa ce, wani kamfanin haƙar ma'adinai ne ya gama da ita, jikinta ko mota ta taka ba abin da zai same ta, amma batirin ba zai rantse a kansa ba. Baba ya ji maganar mota, sauran kuwa ta bi iska. Ni kuma ba a haife ni a gidan da ake musu da uba a gaban baƙo ba, sai na haɗiye abin da ke bakina. Muna fita Komla ya jawo ni gefe.

"Zuleiha, ka gwada shi a gida. In bai yi ba, ka kawo kafin yamma ranar Alhamis, in ba ka siririn. Amma kar ya samu tabo ko ɗaya, don in iya sayar wa wani."

Ba sai na jira ba. Washegari da hantsi aka ɗauke wuta, na zauna na zuba wa agogo ido. Minti goma sha ɗaya. Ta yi wani ɗan nishi ta mutu. Minti goma sha ɗaya, jama'a! Ko shayi bai huce ba. Ga gurnanin fankarta kamar injin niƙa, ga nauyi, da na sa ta a jaka sai da kafaɗata ta yi ƙara. Na ce madalla, an samo mini abin da zan bar wa jikokina gado, su ma su zauna kusa da soket.

Na shirya abina tsaf. Alhamis da safe Baba zai tafi maƙera, ni kuma in ɗauki bulon nan in hau yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, zuwa Tishigu, in dawo da siririyata. In ya tambaya in ce malaman kwaleji ne suka hana irin waccan. Ai ba wannan ne karon farko da na yi masa haka ba. Jakar tafiyata mai taya, 'yar China, tana ɓoye a gidan ƙanwarsa, Anti Ajara, tun watan jiya. Wa zai shiga kwaleji da adakar ƙarfe a ka a wannan zamani? Ko 'yan sakandare sun daina. Adaku goma sha wani abu ke jere a maƙerarsa tun bara, ba wanda ya taya.

Alhamis ta zo, na yi wanka, na ɗaga matashi inda na ajiye kwamfutar. Wayam.

Na san inda take tun kafin in sa takalmi. Da gudu na isa maƙera, gyalena a hannu. Ina shiga warin fenti ya tare ni.

Tana kan bencinsa, ya shimfiɗa mata tsohon buhu. Jinjirin wata ja a kowace kusurwa, huɗu cif. A tsakiya kuma, da farin fenti, manyan haruffa: ZULEIHA IMORU. Takardar kwalejina na gefe, ya danne ta da guduma. Baba bai yi boko ba. Shekara talatin masu saye ke rubuta masa suna a takarda, shi kuma ya zana yadda ya gani, harafi bayan harafi. Yana tsugune yana hura wa fentin iska da baki.

"Uwata, zo ki gani. Yanzu ko ɓarawo ya ɗauka, sai ya dawo da ita."

Nan na fashe. Ban san ina da irin wannan murya ba.

"Wane ɓarawo, Baba? Wane mahaukacin ɓarawo ne zai saci wannan? Bayansa ne ya yi masa yawa? Minti goma sha ɗaya take yi ta mutu! Yau ce ranar mayarwa, Komla ya ce kar ta sami tabo, kai kuma ka mayar da ita adaka! Kowa ya ce maka ka iya, ka iya, to wannan ba aikinka ba ne! Ba ka san komai a kanta ba!"

Masu walda na maƙwabta suka dakatar da aiki. Na jira ya daka mini tsawa, don na ci a yi mini. Bai yi ba. Ya dubi murfin, ya dubi burushin da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali cikin gwangwani.

"Bai bushe ba tukuna," ya ce. "Zai fita."

Ya jawo kwalbar kananzir, ya jiƙa tsumma. Yana matsewa yana magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Na san jakarki na gidan Ajara. Ban ce komai ba, zamani ne. Yaran mutane ɗari nawa na rubuta wa suna suka tafi makaranta. Na ce tunda tawa ba za ta tafi da adakata ba, ko wannan in rubuta mata. Hannun ma ya kwana biyu, kin ga harafin can na ƙarshe ya karkace."

Ya ɗora tsumman a kan jinjirin watan da ke kusurwar dama, ya goge. Jan ya narke ya bi buhu. Ya matsar da hannu zuwa harafin farko na sunana, sunan da bai taɓa iya faɗa da baki ba tun ranar da aka raɗa mini shi.

Na riƙe masa hannu. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tausayi, da haushin kaina, duk a lokaci guda, na tsuguna a ƙasan maƙerar nan ina kuka kamar 'yar yaye.

"Bari in gama, Uwata, kar Komla ya rufe."

"Ka bar mini kayana," na ce.

Yanzu ina shekara ta biyu. A kowane aji kujerata ce ta jikin bango, kusa da soket, ba mai zama a kai, har malamai sun sani. In aka ɗauke wuta in rufe ta in ɗauko biro. Sunana a kwaleji Mai Adaka, kafaɗata ta dama kuma ta fi ta hagu sauka. Sau biyu ta faɗo daga kan gado, siminti ne ya ji jiki.

Da na je hutun farko, Baba ya ga kusurwar da ya goge, ya tashi zai ɗauko jan fenti ya cike. Na hana shi. Jinjirin wata uku ne a murfin har yau, kuma kullum na zo buɗe ta sai idona ya fara sauka a inda babu na huɗun.