Makullin Ɗakin Haihuwa

"Ki ja numfashi har huɗu, ki riƙe har bakwai, sannan ki saki a hankali," in ji jami'in kula da ma'aikata, idanunsa a rufe, hannunsa a ƙirji. "Ki ji kamar aikin nan yana fita tare da iskar."

Babbar ungozoma ta ƙura masa ido. Shekara talatin da biyar tana wannan asibiti, yau ce ranarta ta ƙarshe, wai kuma sa'an ɗan autanta ne zai koya mata numfashi.

"Ɗana, ka taɓa haihuwa?"

Ya buɗe ido ɗaya. "A'a, Mama."

"To buɗe ɗayan ma."

Ya tura mata takarda da biro. Abu biyu ake jira: sa hannunta, da makullin ɗakin haihuwa da ke rataye a wuyanta. Magajiyarta za a ba wa, wadda ma'aikata ke kira 'Yar Sauri.

"Ba zan ba ta ba. Hannunta ya fi hankalinta gudu. Ku kira 'yan sanda su cire shi daga wuyana."

"Haba Mama, ai tsarin aiki..."

Ihu ya katse shi. Kafin ya miƙe, ta kai ƙarshen baranda.

Mai naƙudar haihuwar fari ce, ta damƙe ƙarfen gado tana kiran uwarta. 'Yar Sauri ta jiƙe da gumi, sai faɗi take, "Yunƙura! Yunƙura!" Kallo ɗaya babbar ungozoma ta yi, ta ga kan jariri ya taho da ƙarfi. In aka ƙara yunƙuri ɗaya, uwar za ta yage.

Hannun babbar ungozoma ya riga ya kai kan kwalin safar hannu. 'Yar Sauri ta ja da baya ta ba ta wuri, kamar yadda ta saba yi shekara shida.

Nan babbar ungozoma ta tsaya cak. Gobe in 'Yar Sauri ta ja da baya, wa zai matso?

Ta mayar da hannuwanta bayanta, ta harɗe.

"Koma wurinki."

"Mama, kan ya..."

"Na gani, ba makanta ce ta sa aka sallame ni ba. Ke za ki fara hurawa, kamar mai hura shayi. Hura! Yauwa. Yanzu ce mata ta daina yunƙuri."

"'Yar'uwa, kar ki yunƙura. Kalle ni. Hura, hura."

Su uku suka dinga hurawa. Faratan babbar ungozoma suka nutse a tafin hannunta, amma ba ta motsa ba. Kan ya fito sannu a hankali, kafaɗa ta biyo. Sai kuka ya cika ɗakin. Ko ɗinki ɗaya ba a buƙata.

Hannuwan 'Yar Sauri duk sun ɓaci da jini, don haka babbar ungozoma da kanta ta rataya mata makullin a wuya.

"In kika ɓatar da shi, har gidanku zan biyo ki."

A bakin ƙofa ta iske jami'in ya jingina da bango, takardar a hannunsa. Ta fisge, ta sa hannu.

"Mama," ya ce da ƙyar, "ba mu ƙarasa darasin numfashin ba."

"Zauna kafin ka faɗi min a nan. Kuma daina riƙe numfashin, ba naƙuda kake ba. Hura."

Ta ɗauki jakarta.