Makullin Motar Sufeto

Sau uku Bawa yana dukan ƙarfen tayar da ke rataye a reshen gawon lakwal, makarantar bokon garin, yara huɗu ne kawai suka zo. Biyu ma nasa ne.

Ya jefar da guduma, ya juya wajen malamin lakwal, Mushe Ishaƙu, wanda ke tsaye bakin aji cikin farar rigarsa ta salla.

"Mushe, ina yaran?"

"Ni ma kai nake jira in tambaya, Baba Bawa. Jiya talatin da biyu na sallama."

Yau ce ranar. Kafin azahar sufeton makarantu zai iso daga Tasawa. Takardarsa ba ta ɓoye komai ba: in ya tarar da yara talatin zaune a aji, ya sa hannu a ba lakwal izini. In bai tarar ba, a rufe ta, a zaɓi yara a kai su lakwal ɗin gwamnati a Tasawa, su riƙa kwana gidajen mutanen da ba su sani ba.

Abin da Bawa ya gina wurin nan don kada ya faru ke nan. Shekarar da aka samu mulkin kai, gyaɗa ta yi kyau a Gidan Mutari, ya tara maza a gindin gawon nan ya ce musu magana ɗaya: lakwal ta kansu, jeka-ka-dawo, kowane yaro ya kwana ɗakin uwarsa. Aka yi gayya aka buga tubali, aka ta da ɗakuna biyu. Laminu mai babbar motar ɗaukar gyaɗa ya ɗauko musu kwanon rufi a dawowarsa daga Maraɗi. Bencuna daga akwatunan sabulu aka ƙera su. Allon bango kuwa gawayi da ƙaro aka dama aka shafa. Ga rijiya, ga 'yar gonar da yara ke nomawa da kansu. Da safe Mushe ya koyar da Faransanci da lissafi, bayan azahar liman ya karɓe su, la'asar kowa ya tafi gida. Shi Bawa ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, amma shekara uku ba wanda ya riga shi isowa filin nan.

Ya kama hanyar cikin gari da sauri. Garin ya yi masa wani iri. Maza duk suna gona wajen cirar gyaɗa, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma ko ina ka duba ba yaro. Ba mai kora akuya, ba mai goyon ƙane. Mata na daka, kowacce idonta cikin turmi.

Ya tsaya ƙofar gidan Saudatu, matar ƙaninsa.

"Saudatu, ina Ramatu?"

"Ta tahi Korgom gun kakarta."

"Kakar da muka binne bara?"

Ba ta ɗago ba. Ta ƙara wa taɓarya ƙarfi. A bayanta, cikin rumbun gero, wani ya yi atishawa. Jinkar rumbun a ɗan karkace take, an toƙare ta da kara don iska ta shiga.

Bawa ya dubi rumbun. Ya san wannan karan. Ya san duhun da ke ƙarƙashinsa, da ƙaiƙayin da ke shiga wuya. Nan take ya tuna abin da ya sa mai shela ya faɗa jiya da yamma: gobe motar gwamnati za ta zo ƙidayar yara, kowa ya fito da ɗansa. Da bakinsa ya ba da saƙon. Kuma ko kalma ɗaya ba ta bambanta da shelar da ake yi zamanin Nasara ba, lokacin da gardawa, dogaran Nasara, ke zuwa bisa dawakai su ɗebi yara a kai lakwal.

Mushe Ishaƙu ya cim masa yana haki. Ya dubi rumbun, ya gane.

"To ai sai mu ɗauko tsani. Gida-gida, kafin ya iso mun gama."

"Kada ka taɓa."

"Baba Bawa, rana ta ɗaga fa!"

"In na hau rumbun mace na ciro ɗanta yau, gobe ni ne gardi. Ko an ba mu takardar, wa zai aiko maka da yaro? Koma ka tsare huɗun nan kada su ma su gudu."

Ya nufi gidan da ya san maganar daga can ta fito. Uwarsa, Inna Zara'u, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, amma ba macen da za ta ɗaga jinkar rumbu a garin nan ba da saninta ba.

Ya durƙusa. "Inna, ke kika ce a ɓoye su?"

"Ni na ce."

"Ƙirgawa kawai zai yi ya tahi."

"Haka aka ce mini ran da aka ƙirga wanka Gazali. Aka aza shi bayan doki. Da rani rigarshi aka aiko mini. Ko kabarinshi ban gani ba." Ta watsa ɓawo gefe. "Da suka dawo neman wani, kwana biyu ka yi cikin rumbu. Ga ka nan, da furfurarka."

"Inna, Nasara ya tahi. Wanga namu ne, Bahaushe ne."

"Motar ta Bahaushe ba ta da baya?"

"In bai gan su ba zai rufe lakwal. Sa'an nan ne za a kwashe su da gaske."

"Kai ka ce. Ni dai abin da ke iya tahiya da yaro ba ya tsayawa ƙofar gari in fito da yaro."

Sai ga rurin mota daga yamma. Daka ya tsaya cak a gidaje duka.

Bawa ya tarar da motar a gindin gawo, koriya, mai rufin tanti a baya. Sufeto Abdurrahamane saurayi ne, bai fi talatin ba, da tabarau da jaka. Ya riga ya leƙa rijiya, ya ƙwanƙwasa benci, ya shafa allon bango ya dubi yatsansa. Yanzu yana tsaye gaban yara huɗu, Mushe na gefe yana zuba Faransanci yana share gumi.

"Kai ne mai lakwal?"

"Ta gari ce, ranka shi daɗe. Ni ke buga ƙarfe."

"An rubuta mini talatin da biyu. Huɗu nake gani. Ina da wani gari kafin la'asar." Ya buɗe jaka ya zaro takarda da alƙalami.

Bawa bai iya kwana-kwana ba, bai kuma gwada ba.

"Suna cikin rumbuna. Iyayensu mata sun ɓoye su. Sun ɗauka kwasa ka zo yi."

"A ƙasa mai 'yanci? To ka je ka fito da su."

"Ba ni zuwa. Kai za ka fito da su." Ya miƙa hannu. "Ba ni makullin motar nan."

Direban ya fashe da dariya. Sufeto bai yi ba.

"Ka san abin da kake faɗi? Motar gwamnati ce."

"Na sani. Tsohuwata zan kai ma ta riƙe har ka gama. In mota ba ta iya tashi, yara na fitowa. In ka ƙi, rubuta huɗu ka tahi, ba mai tare ka. Amma ka sani ƙarya ka rubuta, don ka ji inda sauran suke."

Mushe Ishaƙu ya runtse ido. Bakin alƙalami na bisa takarda. Sufeto ya dubi Bawa, ya dubi kwanon rufin, ya juya ya daɗe yana kallon rumbunan da suka jeru bayan dangogi.  Har kukan kurciya ana ji daga gona.

Ya rufe alƙalami. Ya ce da direba, "Kawo." Bawa ya miƙa hannu, sufeto ya girgiza kai. "Ni zan kai mata. Nuna mini gidan."

A ƙofa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta yadda ɗan mutane ke gaida uwa. Inna Zara'u ta karɓi makullin, ta juya shi, ta tambayi Bawa ko akwai wani. Direba ya rantse babu. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta, ƙulli biyu, ta zauna a kai. Sannan ta ɗauki ludayi ta buga bayan ƙwarya sau uku.

Jinkuna suka fara ɗagawa. Yara na sauka, fari fat da ƙaiƙayi, suna susa suna atishawa. Iyaye mata suka rako su har filin lakwal suka tsaya a bango, ba wadda ta koma. Sufeto ya ƙirga sau biyu. Talatin da takwas. Har waɗanda ba a taɓa sa su lakwal ba an ɓoye su, kuma tare aka koro su. Ya tsai da Ramatu, ta karanta layi biyu a allo. Ya ɗora takardar izini bisa murfin mota ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Sai makullina, Baba."

Bawa ya je ya dawo hannu wofi. "Ta ce sai an tashi, kowa ya shiga gidansu."

Sufeto ya duba agogo. Ya ja benci ya zauna a inuwar gawo. Aka kawo masa fura.

Da la'asar Bawa ya buga ƙarfe, yara suka watse. Sai da Saudatu ta zagaya gidaje ta dawo ta ce kowa ya ga nasa, sannan tsohuwa ta kwance ƙulli. Mota ta tashi, bayanta wayam.

Bawa ya zauna gefen tabarmarta da takardar a hannu. Hatimin kawai yake iya ganewa. Ta miƙo hannu ta shafa, ta mayar masa.

"Mi aka rubuta?"

"Ban sani ba, Inna. Sai Ramatu ta karanta mana."

Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare, ba ta dube shi ba.

"Da a lokacinka gardin nan ya ba ni linzamin dokinshi na riƙe," ta ce, "da kai ma na fito da kai."