Makin Malama a Wasan Tubala

Daga bakin surukarta Malama ta fara jin maganar: wai duk kwamfutar da aka canja wa manyan kayan cikinta, wato madabod da furosesa, mantuwa take yi gaba ɗaya, ko sunan mai ita ba ta riƙewa. Kafin a kwana biyu ɗanta ya maimaita, maƙwabciya ma ta ce haka aka yi wa tata.

Malama ta yi shekaru tana koyar da lissafi kafin ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa ba ɗalibi maki don ya ce "an ce" ba. Balle wannan magana ta taɓa ta. A tsohuwar kwamfutar falo akwai wasan jera tubala da suke yi ita da Alhaji, mijinta. Sunanta ne a saman jerin gwanaye tun kafin a yaye autan jikokinsu. Alhaji, wanda ya raɗa wa kansa ZAKI a wasan, yana can ƙasa yana leƙe.

Shi ne kuma ya tashi da kansa ya ce kwamfutar ta tsufa, ya ɗauke ta sai shagon mai gyara, a canja mata madabod da furosesa.

"Sai haƙuri, Malama," in ji shi da ya dawo, yana ta ƙoƙarin ɓata fuska. "Fomatin za a yi mata. Komai zai tafi, har ɗan makin nan naki."

"Allah sarki. To hotunan yara fa?"

"A'a, waɗannan za a kwashe."

"Ashe mantuwar tana da zaɓi," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Washegari ta yafa mayafi ta nufi shagon. Ta tarar da kwamfutarsu kwance a kan tebur, ciki a buɗe, sukurori a murfin kwalba, sabuwar fanka tana juyi. Mai gyaran ya ɗago, ya gan ta, ya miƙe zumbur har kujera ta faɗi. Tsohon ɗalibinta ne, yanzu da furfura a gemu.

"Malama! Sannu da zuwa."

"Zauna, sarkin kwafar amsa. Tambaya ɗaya na zo da ita. Dole ne fomatin?"

"Gaskiya shi ya fi, Malama. Tsohuwar manhajar da tsofaffin kayan ta saba. In na bar ta a kan sababbi, yau ta tashi, gobe ta sandare. Gara a sa sabuwa fil."

"Na yarda. Kafin ka goge, ina kake zuba kayan mutane?"

Ya nuna mata filash.

"Wasan tubala ba ya shiga filash ne?"

Mai gyara ya sosa ƙeya. Ya dubi fanka, ya dubi rufi.

"Ina jin ka."

"Yana shiga, Malama. Alhaji ne ya ce in kwashe komai ban da shi. Wai in saka wasan sabo, jerin ya fara daga babu."

"Ka goge?"

"Ban kai wurin ba tukuna."

"To kwafa. Abin da ka fi iyawa ke nan tun kana aji."

Ta ja kujera ta zauna, jaka a cinya, ta sa masa ido har ya kwashe wasan da makinsa, ya sa sabuwar manhaja, ya mayar da komai mazauninsa. Da zai yi maganar Alhaji, ta ce ya bar mata wannan.

Ranar da aka kawo kwamfutar, Alhaji ya tara mutanen gida a falo. Ya naɗe hannun riga, ya gyara tabarau, ya ce yau za a fara sabon tarihi, kowa ya zama shaida. Ya yaba saurin furosesa. Har ya juyo ya lallashi Malama, ya ce kada ta damu, zai riƙa sassauta mata.

"Na gode, Zaki," ta ce.

Ya danna wasan. Jerin ya fito tar: MALAMA a sama, MALAMA a biye, MALAMA, MALAMA, sai can ƙarshe ZAKI. Surukar ta toshe baki da gefen mayafi ta yi waje. Ɗan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ikon Allah. Ai an ce mantuwa take yi."

"Ba ta mantuwa, Alhaji. Kai ka ce a goge."