Halleluyar Baba Lamba

"Ba a rera Halleluya a lokacin Azumi, Inna, sai Ista ta zo. Ko Fadan coci ne ya mutu." Shugaban mawaƙan coci bai ko ɗago kai daga piyanonsa ba.

Tela ta gyara tsayuwa a gabansa. Alkawari ne ya kawo ta, kuma alkawari kaya ne. Maƙwabcinta ne ya rasu, Baba Lamba, tsohon da ya tsufa yana jera lambobin waƙa a allon coci don jama'a su buɗe littafi su bi. Tun zuwan wannan shugaban, mawaƙa suka koma waƙoƙin yaren Latin da su kaɗai suka iya, allo ya zama ado.

Bango ɗaya ya raba shagonta da ɗakinsa. Kullum da safe takan ji shi yana rera Halleluyar nan da muryarsa ta tsohon ƙyaure, har ta buga bango ta ce, "Baba, ka tausaya wa kajin unguwa!" Da ciwo ya kwantar da shi, ita ke juya shi a kan katifa. Ranar ƙarshe ya riƙe mata hannu.

"'Yata, waƙata za a yi mini. Wadda kowa ya iya. Kar a bar ni da Latin, ban san hanya a cikinsa ba."

"Malam," Tela ta ce wa shugaban, "baiti ɗaya tak. Mako guda fa ya rage Ista."

"To, ai da ya daure."

Aka kai Baba da Latin mai murya huɗu. Waƙa ta yi daɗi, ba ƙarya, amma jama'a sun tsaya ƙiƙam kamar baƙi a bikin da ba a gayyace su ba. A bakin kabari Tela ta buɗe baki za ta ɗauko waƙar, ta ga idon Fada, ta mayar da ita tari. Haushin kanta ya fi na kowa cin ranta.

Ranar Ista da safe, da waƙar Baba aka buɗe. Coci ya ɗauka gaba ɗaya, har ganga, har guɗa, shugaba na kaɗa hannu yana zufa. Tela na zaune a bencin baya, bakinta a rufe, tana kallon allon da babu lamba ko ɗaya a kansa.