Baƙuwar da Ta Hura Wuta a Tsibirinmu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, 'yan shekaru ne a makarantar da malami ke zuwa da kwalekwale in teku ta yarda, kuma ko magana a gaban mutane nauyi take yi min. Abin da ya sa na daure shi ne na san Mireille tana can wani gari tana ba da labarinmu, na kuma san yadda take ba da shi: tsibiri mai kyau a arewacin Norway, da wata tsohuwa mai ban dariya, da jikarta mai kunya. To ga nawa.

Ni da kakata Jensine kaɗai muka rage a tsibirinmu. Da agwagin teku muke ci, amma ba namansu ba, gashinsu. Duk shekara in hunturu ya wuce sukan fito daga ruwa neman wurin kwanci, mu kuma mun riga mun gyara musu akurkai na duwatsu da tsofaffin katakai, mun shimfiɗa busasshiyar ciyawar teku a ciki. Uwar takan tsige laushin gashin ƙirjinta ta lulluɓe ƙwanta. In ta ƙyanƙyashe ta tafi da 'ya'yanta, sai mu kwashe gashin mu tsince shi a kai wa masu ɗinka bargo. Ba namu ba ne agwagin, su ke zaɓar mu. A kwanakin da suke kai da komo a bakin ruwa suna leƙen akurkai, ba a buga ƙofa, ba a ɗaga murya, ba a hura wuta. Da sun ji ƙaurin hayaƙi sai su juya. Kuma inda uwa ta kwanta bana, nan za ta koma baɗi.

Kawuna Halvard, wanda ke aiki a tashar jiragen ruwa a gari, ya daɗe yana son ya ɗauke mu. A shekarar ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in gashin bana bai taka kara ya karya ba, kafin hunturu za mu koma gari, ya gaji da kawo mana gari da kananzir a cikin igiyar ruwa. Amma saboda ciwon gwiwar Kaka, da ya zo sai ya zo da mai taimako.

Ta sauko daga kwalekwalensa da wata ƙatuwar jakar goyo da ta fi kanta tsawo, da tukunya rataye a jiki tana ƙara. Ita ce Mireille, 'yar Faransa. Ta tsinci 'ya'yan itace a gonakin kudu, can inda teku ke shiga tsakanin duwatsu, ta wanke kwanuka a wani masauki, ta feɗe kifi a wata tasha, duk don abinci da wurin kwana. A haka ta koyi yarenmu, tana yin sa a karkace amma ba ta jin kunya.

Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta ce wa Kawu, "Halvard, hannu na ce ka kawo min, ka kawo min mai tallar tukwane?"

"Inna, ba ta karɓar ko sisi. Ciyarwa ce kawai."

"Da wannan tsawon? Ai gara in biya ta."

Mireille ta ƙyalƙyale da dariya har wasu tsuntsaye suka tashi. Kaka ta kasa faɗin sunanta, ta raɗa mata Mai Jaka.

Ba zan ce ba ta yi aiki ba. Ta ɗauki duwatsu, ta shanya ciyawar teku, ta gyara rufin akurkin da ni da Kaka muka kasa. A ɗakina take kwana. Tana ba ni labarin wuraren da ta gani, da ruwan da ke zubowa daga kan dutse ya faɗa teku, da mazan da ta bari a kowace tasha. Takan ce, "Rannveig, ke ba kya magana ne? Ko da agwagi kawai kike hira?" Ni dai sai murmushi. Ban taɓa samun ƙawa ba, kuma na so ta.

Da agwagin suka fara matsowa, Kaka ta kashe murhu. Ta kira Mireille ta yi mata bayani a hankali, har da nuni da hannu.

Mireille ta ce, "Kaka, a garinmu tsuntsaye a kan bututun hayaƙi suke sheƙa."

"To koma garinku ki kwaso su. Nawa ba sa so."

Muka koma cin burodi da busasshen kifi da madara mai sanyi, muna tafiya da safa a cikin gida, muna magana da raɗa. Sanyin shekarar ya ƙi wucewa. Kaka ta kama tari, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji, tana toshe baki da matashi don kada a ji a waje. Mireille ta ce min wannan hauka ne, tsohuwa za ta mutu saboda tsuntsu. Na ce mata haka ake yi, kwana kaɗan ya rage.

Wata safiya na farka ban gan ta a shimfiɗarta ba. Na leƙa ta taga sai na ga baƙin hayaƙi yana tasowa daga bayan tudu. Ta zagaya can ƙarshen tsibirin, a ganinta ta yi nisa, ta tara itacen da ruwa ya kawo, har da katakon tsohon kwalekwale mai kwalta a jiki. Iska kuwa daga can take busowa. Hayaƙin ya kwanto kan tudu ya bi ta kan akurkai ɗaya bayan ɗaya.

Na fita da gudu ba takalmi. Kafin in kai bakin ruwa sun riga sun shiga. Ba su tashi sama ba, ba su yi kuka ba, iyo kawai suke yi a jere, iyaye da torayensu, sun nufi tsibirin tsoho Edvin da ke gabas da mu. Na tsaya ina kallo. Ko kiransu ba yadda za a yi.

Sai ga Mireille tafe da butar kofi a hannu ɗaya, da dutse mai zafi naɗe a tawul a ɗaya, fuskarta cike da murna. "Na Kaka ne, ta sa a ƙafa. Ba wanda ya gani, a bayan tudu na yi."

Kaka tana tsaye a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa. Ta ga ruwan, ta ga butar. Har a lokacin ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Kawo in sha, Mai Jaka. Tunda nake ban taɓa shan mai tsadarsa ba."

Ta shanye kofin a tsaye.

Mun jira. Kaɗan ne suka dawo, tsofaffin da suka saba da Kaka tun kafin a haife ni. Sauran akurkan haka suka zauna, da ciyawarsu a shimfiɗe. Mireille ta yi kuka sosai, ta ba da haƙuri har Kaka ta ce ya isa, hawaye ba ya ƙyanƙyasar ƙwai. Bayan 'yan kwanaki sai na ga ta fara zama a kan dutse tana kallon hanyar jirgin wasiƙa. Wai ta ji ana neman ma'aikata a wasu tsibirai can arewa, inda ake shanya kifi a kan katakai, kuma in an yi sa'a ana ganin manyan kifayen teku suna feso ruwa.

Ranar tafiyarta, tana ɗaure jaka ta ce min, "Zo mu tafi tare. Jaka ɗaya ta ishe ki. Me kike tsarewa a nan?"

Na ce, "Wa zai zauna da Kaka?"

"Kullum akwai dalili," in ji ta, ta sumbace ni a kumatu biyu. Ta ɗauki hotonmu a gaban akurkai, ta zaɓi wanda ke da agwagwa a ciki. Sannan ta roƙi a ba ta ɗan gashi kaɗan na tunawa. Kaka ta ciro daga ragowar gashin bara ta ba ta. Daga cikin jirgin tana ɗaga hannu tana ihu cewa ba ta taɓa zama wuri mai kyau kamar namu ba. Ita in wuri ya lalace sai ta saɓa jaka. Mu namu wurin ba ya shiga jaka.

Da 'yan tsakin suka bi iyayensu ruwa muka kwashe abin da aka samu, Kawu Halvard ya zo. Ya ɗaga buhun da yatsa biyu ya ajiye.

"Inna, wannan ko matashin kai ba zai cika ba."

"Kai ka kawo ta."

"Na kawo ta. Ni na ce ta hura wuta? Na samo muku ɗaki a saman shagon Aslak, akwai lantarki, akwai famfo. Asibiti ma kusa."

"Baɗi za su dawo."

"Ba za su dawo ba, kin fi ni sani."

Kaka kuwa ta sani ɗin. Ta juya ta ce in duba ko akwatin katako na ɗakin ajiya bai ruɓe ba, shi zai ɗauki kwanuka. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ni ce na fice waje don kada su ga hawayena.

Washegari da sassafe na tura kwalekwale na tuƙa zuwa tsibirin Edvin. Matarsa Petrine na tarar a rumfa, gashi tsibi-tsibi a gabanta har ƙasa. Na gaishe ta, na daɗe ina murza gefen rigata, sannan na tambaya ko suna neman mai tsinta kafin mu tashi.

Ta ce, "Kai, Rannveig, kamar kin sani! Bana abin ya fi ƙarfinmu." Sai ta tuna agwaginmu ne suka koma wurinsu, ta matsa min a kan benci.

Na zauna, na jawo tsibin da ya fi kusa da ni, na fara cire ciyawa.