Eilif Yana Cikin Ruwa

...kuma sai da ta hana shi. Ta faɗa da bakinta. "Eilif, hasken nan ba zai daɗe ba, bari sai gobe." Ƙanin nata ya yi dariya, ya gyara jar hularsa, ya ja gilashin ninƙaya kan fuska. "Haba Yaya Torunn, tsoro kamar farar kura. Hoto ɗaya tak." Ya faɗa ruwa da kyamararsa.

Ga ta yanzu ita kaɗai a kwale-kwale, bayan tsibirin Skjervøy, inji a kashe, yatsunta kan makulli.

Orka, manyan dabbobin ruwan nan masu baƙi da fari da ya shiga ɗauka hoto, ba sa taɓa mutum, kowa ya sani. Makasan teku ne, amma kifi ya kawo su. Ɗazun nan suna zagaye garken kifi hankali kwance, Eilif a gefensu. To me ya sa suka yi tsit? Me ya sa suka juya gaba ɗaya, har babban namijin, suka nufi bakin mashigi a guje?

Ga dalilin can. Baƙaƙen kawuna mulmulallu, kafaɗa da kafaɗa, ruwa yana tafasa a gabansu. Grind. Wasu manyan dabbobin tekun ne daban, masu tafiya garke guda, sun fi ƙarfin ƙirga.

Ta tuna Baba yana ɗinkin koma a rumfa, lofe a baki... "Grind ba su kai orka girma ba, ba sa kuma cin su. Gayya kawai suke yi musu, su fatattake su. Dalili? Je ki tambaye su." Ta yi dariya a ranar. Idan da mutum a tsakani fa, Baba? Wannan ba ka faɗa ba.

Ina jar hular? Ga ta nan... a'a, can. A'a, kumfa ce.

Ta tada inji ta ratsa su? Farfela ba ta san ɗan'uwa ba. Idan yana ƙarƙashinta fa — idan ya taso daidai lokacin? Ta jira? Sanyin ruwan nan ba ya jiran kowa. Ta kira jirgin ceto, sun ce ga su nan. Ga su nan ina?

Matar Eilif da safe, a bakin ƙofa, ciki ya tsufa, tana miƙo gorar kofi: "Ki dawo min da shi kafin miya ta huce, ke kaɗai yake jin maganarki." Yana ji? Yaushe ya taɓa ji?

Grind sun iso. Ɗaya daga cikinsu ya gogi gindin kwale-kwalen, katako ya yi ƙara, warin numfashinsu ya daki fuskarta. Suna wucewa, suna wucewa, ba sa ƙarewa...

"Eilif! Ɗan banza, ɗaga hannu!"

Can baya, inda ruwa ya fara kwanciya, wani abu ja. Yana motsi. Shi yake motsi, ko igiyar ruwa ce take ɗaga shi?

Murɗa makullin, Torunn. Murɗa mana.

Yatsun sun ƙi.